Likkafar Rumawa: Finafinan Tarihi Tsakanin Gaskiya da Burgewa

Likkafa ƙarfe ce da ake ratayawa a gefen sirdi, ɗaya dama ɗaya hagu, inda mahayi yake zura ƙafa. A cikin kayan doki ba ita ido yake fara kamawa ba, domin ranar hawa jalala da ɗan kai sun fi ta jan hankali. Amma da ita ake hawa, a kanta ake miƙewa lokacin sukuwa, kuma ita take ba barde damar karkata gefe guda ya kai sara ko suka ba tare da ya zame ba. Kayan doki sun daɗe da shiga maganar yau da kullum. Wanda ya ƙara himma ya ƙara ƙaimi, shugaba yana riƙe da ragama, mai rawar kai a ja masa linzami, wanda ya sami ɗaukaka kuwa a ce likkafarsa ta ci gaba. Har waɗanda ba su taɓa hawa doki ba suna faɗin waɗannan kalmomi, kuma saboda wannan sabo da wuya mutum ya iya kawo barde a zuciyarsa ƙafafunsa suna reto.

Duk da haka, mutane sun yi dubban shekaru suna hawan doki, suna yaƙi a kansa, kafin a san likkafa. Iskandar na Makidoniya ya ci ƙasashe tun daga Girka har bakin Indiya, babu likkafa a ƙafar ko ɗaya daga cikin mahayansa. Shaidar farko ta likkafa biyu irin wadda aka sani yau ta fito ne daga ƙasar Sin a ƙarni na 4 na Miladiyya, kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 6 ta isa Turai ta hannun Avar, wasu makiyaya mahaya da suka gangaro daga tsakiyar Asiya. Rumawa suna da tasu dabarar: sirdi mai ƙaho huɗu, biyu a gaba suna danne cinya, biyu a baya suna tokare ƙugu. Wani masani ɗan Ingila, Peter Connolly, ya sake haɗa irin wannan sirdi a shekarun 1980, aka hau aka gwada, aka ga yana riƙe mutum daram.

Fim ɗin Gladiator na Ridley Scott, wanda ya fito a 2000, ya buɗe da yaƙin Rumawa da ƙabilun Jamus a shekara ta 180. Mahaya suna keta daji a guje, kuma mai lura zai ga likkafa a ƙafafunsu, abin da ya rage kusan shekara ɗari huɗu ya iso wannan yanki. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne tsaron lafiya: mahayan da ake ɗauka don irin wannan kasada sun koyi hawa ne da likkafa, kuma ba a so mutum ya karye saboda a cika wata ƙa'idar da 'yan kallo kaɗan ne za su lura da ita. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Likkafar ba ta sauya wanda ya ci yaƙin ba, ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ba ta wanke kowa ba. Kuskure ne da larura ta kawo, kuma a kansa ne masu tsinto kurakuran finafinai suka fi yin hayaniya, alhali shi ne mafi ƙarancin illa.

Irin wannan sassauci yana da yawa, kuma kusan duk daga bukatar kyamara yake tasowa. An biya babban jarumi miliyoyin daloli domin a ga fuskarsa, saboda haka da zarar an gwabza sai ya tuɓe kwalkwali, ko ma ya shiga fage kansa a buɗe, abin da mayaƙin da ke son ransa ba zai yi ba. Kibiya ba ta fitowa sosai a hoto idan da duhu, sai a sa mata wuta, duk da cewa kibiyar wuta aikinta ƙona rufi da jirgin ruwa ne, ba harbin mutum a fili ba. Takobi yana ratsa sulke cikin sara ɗaya, alhali an saƙa sulke ne musamman don ya tare sara. Sannan ga babbar al'adar nan: runduna biyu su yi sahu cikin tsari, a yi kururuwa, kowa ya ruga, sahun ya tarwatse, fili ya koma ɗaruruwan faɗa na mutum biyu-biyu. A yaƙin dā sahu shi ne rai. Garkuwar kowa tana kare na kusa da shi, kuma yawancin kisa yana faruwa ne bayan sahun ɓangare ɗaya ya karye an bi su da gudu. Amma mutane dubu da suka matse kafaɗa da kafaɗa suna turereniya ba sa ba jarumi filin juyawa, don haka sai a watsa su.

Wanda ya san hawan sallah zai gane wannan bambanci da sauri. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kaya ne mai nauyi da zafi, an cusa shi da auduga don ya shanye kibiya, kuma dokin da ya ɗauke shi ba ya dogon gudu. Abin da ake gani a hawan daushe ya gaji wannan, amma an yi masa ado don idon jama'a, da launuka da ƙyalƙyali da gashin jimina. Kowa ya san biki ne, ba wanda yake ɗaukar jafi a ƙofar fada a matsayin yadda aka yi yaƙi. Fim ɗin tarihi kuwa sau da yawa kayan biki yake sa wa yaƙi, sannan ya rubuta shekara da sunan gari a ƙasan allo.

Matsalar tana yin nauyi idan abin da aka cire shi ne dalilin da ya sa al'amarin ya faru yadda ya faru. A ranar 11 ga Satumba, 1297, mutanen Sikotland suka kara da rundunar Ingila a gadar Stirling, bisa kogin Forth. Gada ce ta katako, ƙunƙuntacciya, mahaya biyu kawai take ɗauka a jere. William Wallace da abokin jagorancinsa Andrew Moray suka yi haƙuri a kan tudu har wani kaso na Ingilishi ya haye, sannan suka auka musu, suka datse bakin gadar. Waɗanda suka haye ba hanyar komawa, waɗanda ke ɗaya gaɓar ba hanyar kawo ɗauki, ƙasar wurin kuma fadama ce da ta hana manyan dawaki motsi. Da haka 'yan ƙasa masu mashi suka karya rundunar da ta fi su kayan yaƙi. A fim ɗin Braveheart na Mel Gibson, na 1995, an nuna wannan yaƙi a wani shimfiɗaɗɗen fili a ƙasar Ayalan, babu kogi, babu gada, babu kuma Andrew Moray, wanda ya rasu sakamakon raunin da ya samu a ranar. Abin da ya rage shi ne jawabi mai tsuma zuciya da ruguguwa da jini. An cire haƙuri da sanin ƙasa da iya zaɓen lokaci, wato ainihin abin da ya sa ake tuna ranar, aka bar ƙarfin tuwo da zafin rai.

Da za a yi wa yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 irin wannan aiki, da sai a ɗora jama'ar Shehu Usmanu a kan dubban dawaki masu ado, domin hakan ya fi cika ido. Amma abin da ya sa ranar ta zama abin ambato shi ne akasin haka: Sarkin Gobir Yunfa ne yake da barade da 'yan lifida, jama'ar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta dawakinsu 'yan kaɗan ne, kuma 'yan baka ne suka ɗauki nauyin yaƙin. A ba su dawaki, labarin ya mutu ko da hoton ya yi kyau.

Braveheart bai tsaya a gada ba. Ya ɗaura wa mayaƙan zanen nan mai gidan dara da aka san mazan Sikotland da shi, wanda sai a ƙarni na 16 ya bayyana. Ya shafa musu shuɗin fenti a fuska, al'adar da ake jinginawa ga mutanen zamanin Rumawa, shekara dubu kafin Wallace. Ya ƙulla soyayya tsakanin Wallace da Isabella, gimbiyar Faransa, har ya nuna cewa cikin da ta ɗauka nasa ne, alhali lokacin da aka kashe Wallace a 1305 tana yarinya 'yar kimanin shekara goma a gidan mahaifinta, sai a 1308 ta auri Edward na Biyu na Ingila, ta haifi Edward na Uku a 1312. Fim ɗin ya ci lambar Oscar biyar. A 1997 aka kafa wani mutum-mutumin Wallace a gindin hasumiyar tunawa da shi kusa da Stirling, kuma fuskar da aka sassaƙa ta yi kama da ta Mel Gibson. Ya zauna a wurin har 2008.

Gani ya kori ji. An yi wannan karin magana ne don yabon shaidar ido a kan jita-jita, a zamanin da abin da ido ya gani ya faru da gaske. Fim ya zo da wani gani na daban, wanda aka shirya shi da gangan, amma ƙarfinsa a zuciya bai ragu ba. Wanda ya karanta shafi ashirin a kan Wallace zai iya mantawa, wanda ya ga shuɗin fentin nan sau ɗaya ba zai manta ba. Malamin tarihi yana magana da “an ce” da “wata ruwaya ta nuna” da “masana sun saɓa”. Kyamara ba ta da waɗannan kalmomi. Duk abin da ta nuna, da launi ɗaya da tabbaci ɗaya take nuna shi, ko daga takardun zamanin aka samo shi ko marubuci ne ya ƙago shi a daren jiya.

Ƙagen labari ba laifi ba ne, kuma Hausa ta san haka tun da daɗewa. Mai tatsuniya yana buɗewa da “ga ta nan, ga ta nanku”, ya rufe da “ƙurunƙus”, har ya ƙara da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya. Ya sanar tun farko irin abin da zai ba masu sauraro. Makaɗin fada shi ma idan ya kira ubangidansa giwa ko ya ce maza dubu sun gudu da jin sunansa, fadawa da talakawa duk sun san zuga ce, suna jin daɗin gwanintar ba tare da sun ɗauke ta lissafin yaƙi ba. Tatsuniya da kirari da labari da tarihi kowanne da mazauninsa, kuma mai sauraro ya san a wace tabarma yake zaune. Abin da fim ɗin tarihi na kasuwa yake yi shi ne ya karɓi 'yancin mai tatsuniya ya haɗa da martabar mai tarihi. Yana tallata kansa da cewa labarin gaskiya ne, idan an kama shi kuma ya ce ai fim ne kawai.

An ga wannan a fili lokacin da Napoleon, wani fim ɗin Ridley Scott, ya fito a 2023. An nuna sojojin Faransa suna harba igwa a kan dalar Masar. Yaƙin da ake kira na dala an yi shi ne a 1798 a Imbaba, tazarar kilomita da dama daga dalar, inda Faransawa suka yi sahu mai kusurwa huɗu suka karya mahayan Mamluk na Murad Bey, kuma ba wanda ya harbi dala. Scott ya bayyana cewa hanya ce ta gaggawa ta nuna cewa mutumin ya ci Masar, ya kuma mayar wa masana da suka yi magana martani da tambayar ko suna wurin lokacin da abin ya faru. Tambayar ba ta da ƙarfi, domin zamanin Napoleon yana daga cikin waɗanda suka fi yawan takardu, wasiƙunsa kaɗai dubbai ne. Abin da ya fi harbin dala nauyi kuma shi ne abin da fim ɗin ya yi shiru a kansa: a 1802 Napoleon ya tabbatar da bauta a yankunan da Faransa ke mallaka bayan juyin juya hali ya soke ta, rundunar da ya aika kuma ta sauka a Haiti. An sami lokacin ƙago abin da bai faru ba, ba a sami na ambaton wannan ba. Tun a Gladiator ma, Kathleen Coleman ta Jami'ar Harvard, wadda aka ɗauka don ba da shawara, ta nemi kada a ambace ta a matsayin mashawarciya bayan ta ga yadda aka yi da shawarwarinta. Fim ɗin ya sa Commodus ya kashe mahaifinsa, Sarkin Rum Marcus Aurelius, ya mutu ba da daɗewa ba a filin wasa, mulki ya koma hannun majalisa. A zahiri Commodus ya yi shekara goma sha biyu yana mulki, wani ɗan kokawa mai suna Narcissus ne ya shaƙe shi a wurin wanka a ƙarshen 192, kuma abin da ya biyo baya yaƙin basasa ne.

Mafi zurfin sauyi ba a tufafi ko makami yake ba, a zukatan mutane yake, da kuma yadda ake raba laifi. Fim ɗin 300 na Zack Snyder, wanda aka saka a sinimomi a 2007, an gina shi a kan littafin zane na Frank Miller, kuma salonsa ya nuna ƙarara cewa zuga ce wani mayaƙi yake yi wa 'yan uwansa. Don haka ƙirjin Spartawa a buɗe ba sulke ba abin tayar da hankali ba ne. Amma a mashigar Thermopylae, shekara 480 kafin Miladiyya, ba Spartawa ɗari uku kaɗai suka tsaya ranar ƙarshe ba: Herodotus ya ambaci mutanen Thespiae ɗari bakwai da na Thebes ɗari huɗu. Sparta ɗin da aka nuna tana yaƙi don 'yanci kuma ta rayu ne a kan gumin wata al'umma da ta bautar. Farisawa, masu daula mai hanyoyi da gidajen aika saƙo da tsarin lardi, an mayar da su dodanni masu nakasa da sarƙoƙi. Gwamnatin Iran ta yi ƙorafi a hukumance, kuma tana da hujja, domin miliyoyin matasa a duniya ba su da wani hoton kakannin Iraniyawa sai wannan.

Wani lokaci kyakkyawar niyya ce take kawo sauyin. Kingdom of Heaven na 2005 ya nuna Salahuddin, wanda ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud ya fito a matsayinsa, da kwarjini da karamci, kuma Musulmi da yawa sun yaba. Amma jarumin fim ɗin, Balian na Ibelin, wanda aka mayar maƙeri daga wani ƙauyen Faransa, basarake ne haifaffen ƙasar, mijin tsohuwar sarauniya. An sa masa a baki shakku game da addini da ra'ayoyi irin na mutumin Turai na wannan ƙarni, domin ɗan kallo ya ga kansa a cikinsa. An kuma sauƙaƙa miƙa Ƙudus a 1187, aka nuna kowa ya fita lafiya, alhali an yanka fansa, dinari goma ga namiji, biyar ga mace, an yafe wa da yawa, dubbai kuma da suka kasa biya sun shiga bauta. Karamcin Salahuddin na gaske ne, kuma ya fi bayyana idan an auna shi da kisan da 'yan Salibiyya suka yi a birnin a 1099, ba sai an goge sauran labarin ba. Idan duk mutumin kirki a fim ɗin tarihi yana tunani irin na yau, ɗan kallo ba zai taɓa sanin cewa an yi mutane masu hankali da mutunci waɗanda suka ɗauki duniya ta wata fuska daban ba, kuma wannan sani shi ne babban abin da ake nema a tarihi.

The Woman King na 2022 ya kawo maganar kusa da gida. Gina Prince-Bythewood ta ba da umarni, Viola Davis ta fito a matsayin shugabar Agojie, rundunar mata ta masarautar Dahomey da ke Jamhuriyar Benin ta yau. Rundunar gaskiya ce, haka ma Sarki Ghezo da ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, haka ma kuɓutar Dahomey daga biyan haraji ga Oyo a wajen 1823. Fim ɗin bai ɓoye cewa Dahomey tana sayar da kamammu ba, amma ya ƙago jaruma mai roƙon sarki ya bar cinikin bayi ya koma manja, ya kuma rufe a kan alamar an karɓi roƙonta. Ghezo ya hau gadon sarauta ne da taimakon Francisco Félix de Souza, babban dillalin bayi ɗan Barazil da ke Ouidah, ya ci gaba da cinikin shekaru da dama, har jiragen Ingila suka toshe gaɓarsa a 1851. A wannan shekarar ce rundunarsa, da Agojie a cikinta, ta kai wa Abeokuta hari. Gonakin kwakwar manjan ma bayi ne suke noma su. Jikokin waɗanda aka kama suna nan a Benin da Nijeriya da Barazil da Kuba. Labarin mata masu tsananin jarumta da suke yi wa mugun tsari hidima ya fi wanda aka nuna wuyar haɗiya, ya kuma fi shi girma.

Akwai inda ƙage ya zama dole, saboda abin da aka sani kaɗan ne. Diriliş: Ertuğrul, shirin Turkiyya da aka yi daga 2014 zuwa 2019, ya cika zango biyar a kan mutumin da abin da aka tabbatar game da shi bai wuce cewa shi ne mahaifin Usman, wanda ya kafa daular Usmaniyya, da 'yan ruwayoyin da aka rubuta bayan fiye da ƙarni guda ba. Sarauniya Amina ta Zazzau ma ruwayoyinta sun saɓa: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta ci ƙasa har Kwararrafa da Nufe, wasu kuma sun ce 'yar Bakwa Turunku ce a ƙarni na 16. Mai shirya fim a kanta ba shi da zaɓi sai ya cike gurbi. Abin dubawa shi ne da me ya cike. Amina na Izu Ojukwu, da Netflix ta saka a 2021, an yi shi da Turanci, kuma 'yan kallo da yawa a Arewa sun koka cewa ba su ga Zazzau a cikinsa ba, a harshe da sutura da ɗabi'un fada. Inda takardu suka yi shiru, gaisuwa da zaman fada da sarautu da gini da kiɗa suna nan a raye, kuma su ne ma'aunin da 'yan ƙasa suke riƙe da shi. Med Hondo ya bi wata hanya a Sarraounia na 1986, wanda ya ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani. Rahotannin Faransawa sun ambaci Sarauniya Mangu ta Lugu a taƙaice, saboda haka littafin da fim ɗin sun faɗaɗa ta da ruwayar baka da tunanin marubuci. Amma ta'asar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, da ƙone garuruwa, da kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, da mutuwarsu a hannun sojojinsu, duk an bar su a kan abin da aka tabbatar. Fim ɗin ya ci babbar lambar FESPACO a 1987.

Cewa gaskiya ba ta burgewa zato ne da finafinai da dama suka ƙaryata. Lion of the Desert na Moustapha Akkad, wanda jama'a suka fi sani da Umar Mukhtar, yana da sukuwa da kwanton ɓauna da tankokin yaƙi, amma ginshiƙinsa abubuwan da suka faru ne: malamin allo da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya, sansanonin da aka tsare mutanen gabashin Libiya, shingen waya da Janar Graziani ya ja a kan iyakar Masar, da rataye tsohon a gaban jama'arsa ranar 16 ga Satumba, 1931. Gwamnatin Gaddafi ce ta ba da kuɗin, kuma ya kamata a san haka, amma nauyin abin da ya nuna ya sa ba a haska shi a talabijin ɗin Italiya ba sai 2009. Master and Commander na Peter Weir, na 2003, ya sauya abokin gaba daga Amurkawa, yadda yake a littafin da aka ɗauko labarin, zuwa Faransawa, domin kada a ɓata wa babbar kasuwa rai. Sai dai rayuwar cikin jirgin yaƙi ta 1805 ya nuna ta yadda take: cunkoso, bulala, yara ƙanana masu muƙamin hafsa, yanke hannu, da tsagin katako da ya fi harsashin igwa kisa. An kashe kimanin dala miliyan 150, ya samo ɗan abin da ya haura miliyan 200, ba a kuma yi na biyu ba. Gladiator da 300 kowanne ya haura miliyan 450. A cikin waɗannan alƙaluma ake ganin abin da ke tura masu zuba jari wajen wuta da ƙara: fim mai tsada sai ya sayu a ƙasashe da yawa a lokaci guda, kuma fashewa ba ta bukatar fassara.

Masu shirya finafinai a Kano da Kaduna da Yamai da Damagaram ba su da irin waɗannan miliyoyi, saboda haka gasa da Amurka a fagen runduna ta kwamfuta ba tasu ba ce. Abin da suke da shi shi ne kusanci da tushe. Adamu Halilu ya nuna haka tun 1976, da ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo shaidar waɗanda suka halarci yaƙoƙin ne da kansu. Akwai takardu a Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH a Yamai, akwai kayan tarihi a Gidan Makama a Kano, akwai kuma dattawan fada da maƙera da badukai da suka gaji sanin yadda ake haɗa kayan yaƙi da yadda ake sa su. Duk wanda zai sa sunan Amina ko Kanta ko Bawa Jangwarzo a kan allo, ya kamata ya fara zama da waɗannan kafin ya nemi kyamara, kuma inda ya ƙaga ya faɗa wa 'yan kallo cewa ya ƙaga.